Wa ya gaya wa ƙwayar halitta ina ne gabanta?

A ƙarshen damina nakan gangara bakin gulbi, ƙasa kaɗan da Gadar Kennedy, in ɗebo ruwan da ya kwanta a gindin ciyayi cikin ƴar kwalba. Madubin likita guda ɗaya ne a lisen da nake koyarwa a nan Yamai, irin na dā mai ɗaukar haske daga taga. Ƴan aji sukan yi layi, kowa ya kanne ido ɗaya ya leƙa, na baya suna ta "yi sauri mana". Ranar da muka taki sa'a mukan tarar da amiba, wani ɗigo kamar majina, ba kai, ba ƙafa, ba wutsiya. Takan yi tsit na ɗan lokaci, can sai wani gefenta ya ɓullo kamar yatsa, abin cikinta ya kwarara ya bi yatsan, sauran jikin ya tattaro ya biyo baya. Wata shekara wata yarinya ta ɗago kai daga madubin ta ce, "Mushe, to wa ya gaya mata nan ne gaba?"

Amsar da na ba ta ranar ba ta gamshe ni ba. Na ce mata cikin ƙwayar halitta akwai ƙwarangwal, kamar yadda littafin aji ya faɗa, ta rubuta, aka kaɗa ƙararrawa. Tambayar kuwa ta bi ni har gida. Ita ce masana suka shafe fiye da shekara 30 suna bi, kuma amsarta ta taɓa sanƙarau da zawo da gyambon ciki, waɗanda ba gidan da bai san su ba a ƙasar nan.

Sunan ƙwarangwal ɗin ma shi ya fara ɓatar da mu. Ƙashi abu ne tsayayye, yadda ka kwanta da shi haka za ka tashi da shi. Abin da ke cikin ƙwaya ya fi kama da katakon da magina ke sayowa a kasuwar Katako don su hau gini: yau an kafa shi a wannan bango, gobe an ɓaɓɓalle an kai wancan, katakon dai shi ne, ƙusoshin ma su ne. Katakon ƙwaya shi ne furotin ɗin da ake kira aktin. Wani masani ɗan ƙasar Hangari, Brunó Straub, ya fara tsamo shi daga tsoka a 1942, daga baya aka gane cewa kusan duk ƙwayar dabba da ta tsiro da ta yis mai tada ƙullin burodi cike take da shi. Ɗai-ɗai, aktin ɗan dunƙule ne. Idan dunƙulen suka hau kan juna sai su zama zare mai kaurin nanomita 7, wato sai ka jera zare kusan 10,000 gefe da gefe kafin su kai kaurin gashin kai guda.

Zaren nan yana da kai da gindi. Duk dunƙulen fuska ɗaya suke kallo, saboda haka ɗaya bakin yana karɓar sababbi da sauri, ɗayan kuma ta nan tsofaffi ke zubewa. Wanda ya taɓa ganin masunta na jan babban jirgi zuwa tudu a kan gungume ya ga abin: gungumen da jirgin ya wuce sai a ɗauko shi da gudu a sa a gaba. Haka ƙwaya ke tafiya. A gefen da take son dosa, dubban zaruruwa na tsawo suna tokarar tantaninta suna tura shi, a bayansu kaɗan ana warware su ana mayar da dunƙulen gaba. Da yawansu ba sa cika minti guda a raye.

Masu wannan aiki sanannu ne. Akwai gungun furotin bakwai da ake kira Arp2/3, wanda Laura Machesky ta gano a 1994 a ɗakin binciken Tom Pollard a Amurka, a jikin wata amiba ma kuwa. Shi yakan dafe gefen tsohon zare ya tsiro da reshe a karkace, digiri 70, reshe kan reshe har abin ya zama kamar shingen ƙaya mai faɗi. Akwai formin, mai zama a kan zare yana miƙar da shi sambal ba reshe. Akwai kofilin, mai sarar tsohon zare. Akwai miyozin, mai kama zare biyu ya ja su zuwa juna, shi ne ƙarfin damtsen mai daka, shi ne kuma mai tsuke bayan amiba. Duk waɗannan lebura ne. Suna ko'ina cikin ƙwayar, gaba da baya, dama da hagu. Da za a sake su gaba ɗaya, ƙwayar sai ta yi ta kumbura tana motsi ta kowane gefe ba ta gusa ko nan da can ba. To, wa ke cewa wannan ya tashi a nan, wancan ya zauna a can?

Anzim ne masu ba da umarnin. Anzim furotin ne da ke gaggauta wani aikin sinadari ba tare da shi ya ƙare ba, kamar na cikin yawu da ke fara narka tuwo tun a baki. Waɗanda muke magana a kansu ba abinci suke narkawa ba, saƙo suke isarwa, kuma iri biyu ne suka fi tasiri.

Na farko masu hatimi ne. Kinaz yakan ɗauki wani ɗan guntun sinadari mai suna fosfat ya manna a jikin wani furotin, fosfataz kuma ya zo ya kankare. Edmond Fischer da Edwin Krebs suka gano wannan a shekarun 1950, aka ba su kyautar Nobel a 1992. Jikin mutum na da kinaz iri fiye da 500. Abin da ke rikita ƴan makaranta, kuma na ga yana rikita har ɗaliban jami'a, shi ne hatimin ba shi da ma'ana ɗaya. A jikin miyozin yana nufin "ja". A jikin kofilin yana nufin "ajiye gatarinka". A jikin wani kuma yana nufin "tashi ka bar wurin nan". Wannan na ukun za mu dawo kansa.

Na biyu makunnai ne masu kashe kansu, dangin da ake kira Rho. Idan ɗayansu na riƙe da sinadarin GTP, mai fosfat uku, a kunne yake, duk wanda ya taɓa sai ya tashi aiki. Amma shi da kansa yakan gutsure fosfat guda, GTP ya koma GDP, ya mutu. Shi kaɗai yana da nawa wajen yin haka, sai wani furotin da ake kira GAP ya zo ya hanzarta shi. Sake kunna shi kuma aikin GEF ne, mai ɓamɓare tsohon GDP don sabon GTP ya shiga.

A 1992 Anne Ridley da Alan Hall, a Landan, suka yi gwajin da har yau nake ganin ba wanda ya fi shi sauƙin fahimta a wannan fanni. Suka bar ƙwayoyin ɓera cikin kwanon gwaji da yunwa har zaruruwansu suka kwanta, sannan suka tsira musu allura mai tsinin da ya fi gashi siriri, suka zuba musu Rho da aka maƙale a kunne. Cikin mintuna ƙwayoyin suka cika da kauraran igiyoyin aktin da miyozin, suka ɗaure tamau. Da suka zuba ɗan'uwansa Rac, sai gefen ƙwayar ya baje yana kaɗawa kamar bakin zane a iska. A 1995 Catherine Nobes da Hall suka nuna na ukun, Cdc42, shi kuma siraran yatsu yake fitarwa masu laluben hanya. Kowanne da leburansa. Rac na tada wani furotin mai suna WAVE, WAVE ya tada Arp2/3, a sami shinge mai tura gaba. Cdc42 na tada wani mai suna WASP da kuma formin. Rho na tada formin da wani kinaz mai suna ROCK, shi kuma ROCK ya yi aiki biyu: ya buga wa fosfataz ɗin miyozin hatimin dakatarwa don miyozin ya ci gaba da ja, ya kuma tada LIM kinaz wanda zai ɗaure hannun kofilin don kada ya sare igiyar da ake ja. Mai ja da mai sara ba sa aiki a igiya ɗaya, kuma umarni guda ne ya shirya hakan.

Idan ɗayan waɗannan lebura ya rasu, jiki kan nuna. Yaran da aka haifa da WASP mai naƙasa, kusan duk maza, sukan yi fama da ƙaiƙayin fata, zubar jini da kamuwa da cuta bayan cuta, domin fararen ƙwayoyin jininsu ba sa iya tafiya yadda ya kamata. Likita Alfred Wiskott ya bayyana ciwon a 1937, Robert Aldrich a 1954, ba a gano dalilinsa ba sai 1994.

Har nan, ana iya zana komai a allo da kibiyoyi, Rho zuwa ROCK zuwa miyozin, yara su hardace su ci jarrabawa. Haka muke koyar da shi, kuma wannan ne ke damuna, domin kibiyoyin ba su amsa tambayar yarinyar nan ba. Ga wani lissafi da ya kamata ya tsayar da mai karatu. Dangin Rho a jikin mutum kusan 20 ne kacal, amma masu kunna su kusan 80 ne, masu kashe su sun haura 60. Me makunni 20 zai yi da hannaye kusan 150? Kowane GEF da kowane GAP yana da wurin da yake tsayawa: wannan a bakin tantanin gaba, wancan inda ƙwaya ta manne da maƙwabciyarta, wani a tsakiyar ƙwaya mai shirin rabuwa biyu. Rho ɗin da ke tsuke bayan ƙwaya mai tafiya shi ne ke shaƙe cikin ƙwaya mai rabuwa har ta tsinke biyu. Wurin da aka kunna shi ne ya bambanta aikin.

Mu ɗauki farar ƙwayar jini da ake kira nutrofil. Yaro ya taka ƙaya a Bukoki, bayan kwana biyu wurin ya yi mugunya. Mugunyar nan gawarwakin nutrofil ce, miliyoyi, waɗanda suka fito daga jijiya suka ratsa nama suka iso inda ƙwayoyin cuta suke. Ƙamshin sinadarin da bakteriya ke zubarwa suke bi. Tsawon nutrofil bai fi maikuromita 10 da ɗoriya ba, wato kusan kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, don haka bambancin ƙamshi tsakanin wannan gefenta da wancan ɗan mitsitsi ne. Sally Zigmond ta nuna a 1977 cewa bambancin kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ya ishe ta ta juya ta dosi wurin. Ka yi tunanin mutum a tsakar gida da dare, an kunna fitila 100 a damansa da 101 a hagunsa, ya miƙe ba shakka ya nufi hagu.

Ba a yin haka da awo kaɗai, sai da zugugutawa. Kowa ya ga yadda kasuwar unguwa ke kafuwa. Mai ƙosai ta zauna a wannan kwana, wata ta zauna a waccan. Wannan ta ɗan fi samun masu saye, sai mai koko ya matso kusa da ita, mai koko ya jawo mai burodi, taron ya jawo wani taro. Masu sayen unguwar kuwa ƙidayayyu ne, duk wanda ya zo nan bai je can ba, kafin wata guda waccan kwanar ta mutu. A nutrofil, gefen da ya ɗan fi jin ƙamshi yakan kunna wani anzim mai suna PI3K, wanda ke buga hatimin fosfat a kan wani kitse na jikin tantani ya mai da shi PIP3. PIP3 na kiran GEF ɗin Rac, Rac ya tada aktin, aktin ɗin ya ƙara taro PI3K da GEF, abin ya yi ta ciyar da kansa. A amibar ƙasa da ake kira Dictyostelium an ga fosfataz mai suna PTEN yana janyewa daga gaba ya koma gefe da baya, yana kankare duk PIP3 da ya ɓace ya isa can.

Bayan ma yana da nasa umarni. Ɗakin binciken Henry Bourne a Amurka ya nuna a 2003 cewa ƙamshin nan guda yana tada hanya biyu lokaci ɗaya: ta Rac mai gina gaba, da ta Rho da ROCK da miyozin mai gina baya. Biyun ba sa ga maciji. Inda Rac ya yi ƙarfi yakan danne Rho, inda Rho ya yi ƙarfi yakan danne Rac, ba a sarki biyu a gari guda, dole suka raba ƙwayar kowa ya kama gefe. Ayarin fatake ke nan: jagaba na gaba yana duba hanya, masu kora na baya suna tattaro jakunan da suka yi nawa. Idan aka kashe ROCK da magani, farar ƙwayar jini takan miƙa gaba ta kasa ɗago baya, ta ja doguwar wutsiya. Idan kuma aka zuba ƙamshin daidai wa daida ta kowane gefe, ba inda ya fi wani, nutrofil ba ta tsayawa, takan zaɓi gefe guda ta kama tafiya. Yis ɗin da ke tada ƙullin burodi ma haka yake. Cdc42 kan taru wuri ɗaya a tantaninsa, ta nan ƴar ƙwaya za ta tsiro. Ko an goge alamar da ke nuna masa wurin, zai taru a wani wuri dabam, amma guda ɗaya. Idan babu Cdc42 sam, ƙwayar sai ta yi ta girma tana zama ƙwallo ba ta tsiro da komai ba. Ashe amsar yarinyar nan rabi biyu ce. Wani lokaci ƙamshin abinci ne ya gaya wa amiba. Wani lokaci ba wanda ya gaya mata, wani gefe ne ya ɗan rinjaya, tsarin cikinta ya zuguguta rinjayen ya zama gaba.

Hoton "Rac gaba, Rho baya" yana da daɗin koyarwa, sai dai bai cika ba, kuma bai kamata a ɓoye wa ɗalibi hakan ba. Tun daga 2006, da aka ƙera furotin masu ƙyalli da ke nuna inda Rho ke kunne a ƙwaya mai rai, an gan shi a can bakin gaba na wasu ƙwayoyi, yana kunnuwa kafin Rac da ƴan daƙiƙoƙi. A 2007 kuma aka cire wa Dictyostelium dukkan PI3K ɗinta biyar da aka sani, ta ci gaba da bin ƙamshi mai ƙarfi kusan kamar ba abin da ya faru. Ƙwaya ba ta dogara da igiya ɗaya, kamar yadda mai rijiya mai zurfi ba ya dogara da guga ɗaya.

Yawancin ƙwayoyin jikinmu kuwa ba sa zuwa ko'ina, amma su ma dole su san sama da ƙasa. A nan wata ƴar tsutsa da ba ta fi milimita guda ba, C. elegans, ta koyar da duniya. Ƙwanta da aka haɗa da maniyyi yakan rabu biyu ba daidai ba, babba a gaba, ƙarama a baya, kowacce da makomarta. Ken Kemphues da abokan aikinsa suka samo tsutsotsin da ƙwansu ke rabuwa daidai ya lalace, a 1988 suka sa wa ƙwayoyin gadon da ke da alhakin haka suna par. Yadda abin ke gudana ya cancanci a tsaya a kalla. Da fari furotin PAR-3 da PAR-6, waɗanda ƙwayoyin gadon nan ke samarwa, da wani kinaz mai suna aPKC sun lulluɓe tantanin ƙwan gaba ɗaya, ƙarƙashinsu ragar aktin da miyozin na ɗaure ko'ina. Abin da maniyyi ya shigo da shi yakan rage ƙarfin Rho a kusa da inda ya tsaya. Ragar ta saki a wannan wuri, sai ta zame zuwa ɗaya gefen kamar tabarmar da aka ja, ta tafi da su PAR-3 a kanta. Filin da aka bari PAR-1 da PAR-2 suka mamaye. Daga nan hatimin kora ya fara aiki: aPKC na buga wa duk PAR-1 ko PAR-2 da ya ƙetaro hatimi ya faɗo daga tantani, PAR-1, wanda shi ma kinaz ne, na yi wa PAR-3 haka. Iyaka ta kafu a tsakiya ba katanga, sai korar juna. A lura kuma, a nan aktin ne ya ɗauki masu ba shi umarni ya kai su wurin zamansu. Wanda ke zana kibiya fuska ɗaya, daga anzim zuwa aktin, ya bar rabin labarin.

Waɗannan PAR ɗin suna jikina da naka, su ne ke tsara ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin hanji. Kowacce tana da fuskar da ke kallon abinci da gindin da ke kallon jini, da ɗamara a wuya mai manne ta da maƙwabta don kada komai ya zurara ta tsakani. Fuskar cike take da ƙananan gashi kamar burushi, kowane gashi damin zaren aktin ne a ciki. A 2004 masu bincike a Holan suka kunna kinaz LKB1, wanda shi ne PAR-4 na tsutsa, a cikin ƙwayar hanji guda tilo da ba ta da maƙwabciya, sai ta tattara aktin ɗinta gefe ɗaya ta fitar da burushi.

Duk uwar da ta taɓa zuba fakitin gishiri da sukari cikin litar ruwa ta ɗura wa yaro mai zawo cokali-cokali, da wannan tsari ta yi aiki. A fuskar ƙwayar hanji akwai wata ƙofa da ba ta buɗuwa sai sodiyam da gulukos sun zo tare, Robert Crane ya bayyana ta a 1960. A gindi da gefen ƙwayar kuma akwai famfo mai fitar da sodiyam zuwa jini, wanda Jens Skou ya gano a 1957. Gishiri ya shiga ta sama, ya fita ta ƙasa, ruwa ya bi shi. Da ƙofar da famfon a cakuɗe suke a fuska ɗaya, gishirin sai ya yi ta shiga yana fita cikin hanji, yaron ya bushe da kofi a bakinsa. Dafin kwalara na sa hanji ya yi ta kwararar da ruwa, amma bai lalata wannan ƙofa ba, shi ya sa ruwan nan ke ceton rai.

Ƙwayoyin cuta sun riga mu sanin duk wannan. Hall da Ridley ma da C3, dafin wata bakteriya, suka riƙa kashe Rho a gwajinsu. Salmonella, dangin mai jawo taifod, takan harba wa ƙwayar hanji furotin da ke kwaikwayon GEF, Rac da Cdc42 su tashi, tantanin ya baje ya haɗiye ta da kansa. Tare da shi ta harba wani mai kwaikwayon GAP, wanda ya fi na farkon daɗewa, ya kwantar da komai bayan ta shige, ɓarawon da ya ja ƙofa ya share sawunsa. Shigella mai jawo atini takan yaudari N-WASP, ɗan'uwan WASP, da Arp2/3 su gina mata wutsiyar aktin ta tura ta daga ƙwaya zuwa ƙwaya ba ta leƙo waje ba. Helicobacter pylori, wadda ke bayan yawancin gyambon ciki, takan zuba furotin CagA, wanda masana a Japan suka nuna a 2007 cewa yana kama PAR-1 ya hana shi aiki, ɗamarar ƙwayoyin tumbi ta saki. Rasa sama da ƙasa kuwa yana cikin alamun farko da likitan da ke duba nama a madubi yake gani a ciwon daji.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne sanƙarau. Wanda ya zauna Yamai a 2015 bai manta ba: zafin watan Afrilu, rufe makarantu, iyaye na yawon neman allurar rigakafi daga kantin magani zuwa kantin magani. Nau'in C na bakteriyar sanƙarau ne ya ɓarke, bayan rigakafin da aka fara a 2010 ya karya lagon nau'in A. Fiye da mutum 8,000 suka kamu a ƙasar, fiye da 500 suka rasu, yawancinsu yara da matasa. Bakteriyar nan, Neisseria meningitidis, tana zaune lafiya lau a maƙogwaron mutane da yawa ba su sani ba. Ko ta faɗa jini, tsakaninta da ƙwaƙwalwa akwai shingen da ya fi kowanne tsauri a jiki, domin ƙwayoyin da suka shimfiɗe jijiyoyin ƙwaƙwalwa ɗamararsu a tsuke take ƙwarai. Ta yaya take wucewa?

A 2009 Mathieu Coureuil da abokansa, a ɗakin binciken Xavier Nassif a Paris, suka ba da amsa daga gwajin da suka yi da ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwar mutum a kwano. Bakteriyar takan manne a fuskar ƙwayar da wasu siraran gashinta, ta hayayyafa ta zama tsibi. Ƙarƙashin tsibin, Cdc42 ya kunnu, ya kira PAR-3 da PAR-6 da aPKC, gungun nan da aikinsa shi ne nuna inda za a ɗaura ɗamara. Ƙwayar ta ɗauka maƙwabciya ce ta taɓa ta. Sai ta fara kwaso furotin ɗin mannewa daga iyakarta ta gaskiya tana kawo su ƙarƙashin baƙon, aktin kuma ya tsiro ya kewaye tsibin yana tare masa igiyar jini. Iyakar da aka kwashe wa kaya ta yi sako-sako, ɓaraka ta buɗe. Bakteriyar ba ta fasa komai da ƙarfi ba, ba ta kuma kashe anzim ko ɗaya ba. Kowanne ya yi aikinsa daidai, a wurin da ba nasa ba. Tun da na karanta wannan, duk sanda na zo darasin ƙwayar halitta nakan fara zana gaba da baya, sama da ƙasa, kafin in rubuta sunan furotin ko guda, kuma nakan gaya wa yara cewa samfurin ruwan ƙashin baya da ake kai wa cibiyar binciken lafiya ta CERMES nan Yamai lokacin annoba, labarin wannan ɓaraka ne a cikinsa.

Mai karatu zai ce, tunda an san anzim ɗin, a yi musu magani mana. An yi, amma kaɗan, kuma dalilin ƙarancin shi ne dai batun wuri. Maganin da aka haɗiya ba ya tambayar ina ne gaba, duk ROCK ɗin jiki zai taɓa, na jijiyar jini da na hanji da na farar ƙwayar jini. Fasudil, mai hana ROCK, an amince da shi a Japan a 1995 don sassauta jijiyoyin ƙwaƙwalwa da ke tsukewa bayan zubar jini a kai, kuma ɗaya daga cikin illolinsa shi ne faɗuwar hawan jini, tunda sauran jijiyoyin ma sun saki. Inda aka fi cin nasara shi ne ido, domin a can hannun mutum ne ke zaɓar wurin. A ciwon hawan ruwan ido, wanda ke makantar da mutum a hankali ba ciwo ba raɗaɗi, ruwan cikin ido na fita ta wata ƴar matata da ƙwayoyinta suka ɗaure da igiyoyin aktin da miyozin. Ɗigon da ke hana ROCK yakan sassauta su, matatar ta buɗe, ruwan ya samu hanya. Japan ta amince da ripasudil a 2014, Amurka ta amince da netarsudil a 2017. Ko a nan ɗin ma ɗigon ba ya tsayawa kan matata kaɗai. Yakan bi ta kan ƙananan jijiyoyin farin ido, su ma ROCK ne ke riƙe da su a tsuke, su saki su cika da jini, shi ya sa da yawa daga masu ɗiga shi idonsu kan kaɗa ya yi ja bayan sun ɗiga.